Gaisuwar da Inji Ya Cinye

Gwarzo, Laraba 17 ga Afrilu, 2024

Yaya Raliya,

Kunnena na hagu ba ya ji. Shekara bakwai ke nan, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna. Na sa shi a farko ne don na san halina, in na fara da gaisuwa zan yi ta gaisuwa har takardar ta cika, in ninke ban faɗa ba.

To yanzu assalamu alaikum. Ina wuni, ya gajiyar Sallah, ya aiki a Kabo, ya zafin nan? Ya ƙafar Gwaggo Altine, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai ƙanwata Sadiya da ta yi kwana biyu tana mura, amma murar ba ta rage mata murya ba.

Kin tuna ranar da muka zo muku yawon Sallah Durun, kika fito da kwamfutarki da hedfon ɗin binciken makarantarku? Kin fara kai wa maza a zaure, sannan kika shigo mana cikin gida. Kika ce duk wadda ta sa za ta ji kamar tana tsakiyar kasuwar Kabo, wata mata za ta yi magana cikin hayaniyar, ita kuma ta maimaita abin da ta ji. Sadiya na sawa ta zabura ta waiwaya, wai mai kifi yana bayanta. Gwaggo ta ce a'uzubillahi, yarinyar nan kin zuba mutane a cikin soso. Kowa yana ta juya kai yana dariya.

Da aka zo kaina ni ma na juya kai, na yi dariya. Ƙarya nake, Yaya. Ban ji kowa a bayana ba, ban ji kowa a gefe ba. Duk kasuwar taruwa ta yi a kunnena na dama kamar an juye kwanuka a buhu ɗaya. Da kika ce "yanzu matar ta koma hagunki," ni a wurina tafiya ta yi gaba ɗaya. Abin da na ji Sadiya ta faɗa shi na maimaita miki.

Sai a ranar na gane ashe mutane suna jin inda murya take. Ni na ɗauka kowa sai ya waiwaiga yake gano mai kiransa.

Hangum na yi ina shekara tara. Inna ta shafa mini bula a kumatu, na warke, amma da na tashi sai na ji ɓangare ɗaya na duniya ya yi shiru. Na yi ta jira ya dawo. Da bai dawo ba sai na ji kunyar faɗa, daga baya kuma tsoro, kar a riƙa ce mini kurma a makaranta. Kuma ba a gane ba, don ni dama ba mai magana ba ce. In ban amsa ba sai a ce Badi'a akwai kunya. In na juya inda ba nan aka kira ni ba, a ce ta tafi duniyar littafi.

Maganar littafin ce ta zama matsala yanzu. Kin san tsofaffin littattafan soyayyar da Gwaggo ta ba ni daga akwatinki. Ina sa su cikin jakar Islamiyya, ƙarƙashin littafin hadisi. A cikin littafi kowa yana magana a layinsa, ba wanda yake hawa kan wani, kuma ana gaya maka wanda ya yi maganar. Shi ya sa nake son su. To, da wani abu kuma, amma wannan kin sani ba sai na rubuta ba. Sai dai na karanta sun fi arba'in, ban ga inda jarumi ya raɗa wa jaruma magana ta ce "na'am? Zagayo ta nan ɓangaren" ba.

Baba ya gan su. Ya ce su ne suka koya mini raini. Kin san ni ce 'yar fari, ba ya kiran sunana, ba ya kallon fuskata. "Ke" yake cewa. Ga injin niƙansa yana ta ruri a zaure tun safe, gidan ga mu mata uku, ni da Inna da Sadiya, ya ce "ke" daga wani wuri, ni ina zan san ni ce, ina zan san ta ina? Ran Litinin sau uku ya kira wai, ina tsaye ina shanya. Inna tana gani, amma ita ma kunyar 'yar fari ba ta barinta ta tare mini. Sai dai ta tura Sadiya ta taɓa ni.

Abin da ya fi ci mini rai, ya gaya wa Inna wai na daina gaishe shi. Wallahi Yaya ban taɓa fashi ba. Kullum da safe ina durƙusawa a bakin ƙofarsa in ce ina kwana. Shi ne ba ya amsawa.

Ba zan iya kiranki a wayar Inna ba, kin san sai a sifika take magana, duk gidan a ji. Iya Asta mai daddawa za ta kawo miki wannan in ta koma Durun. Na ce mata tambayar darasi ce.

Amana na ba ki. Don Allah ki gaya mini, a injin naki akwai inda ake mayar da kunne?

Ƙanwarki,
Badi'a

*

Kabo, Talata 23 ga Afrilu, 2024

Badi'atu 'yar gidan Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ina fatan kuna lafiya, ya Kawu, ya Inna, ya mai babbar murya? Ƙafar Gwaggonki ta yi sauƙi, har ta fara faɗa da kaji, kin san ta warke.

Da Iya Asta ta miƙo mini takarda a ninke sau takwas, na ce shi ke nan, yarinyar nan ta yi saurayi. Na gyara zama zan sha labari. Layin farko ya sa na ajiye kofin da ke hannuna.

Bari in gaya miki gaskiya. Na sani tun ranar. Jimlolin da kwamfuta take ba kowa ba iri ɗaya ba ne. Matar ta ce miki a kawo tabarma, ke kika ce an sayar da akuya, wato jimlar Sadiya. Na yi shiru don tsakar gidan cike yake, na ce zan jira ki.

Ga yadda abin yake. In mutum ya yi magana a damanki, muryar tana riga isa kunnen dama da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ta fi ƙarfi a can, don kanki ya tare wa na hagu. Da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa take ajiye kowa a wurinsa. Ni abin da kwamfutata take yi kwaikwayo ne, tana jinkirta sauti kaɗan a kunne ɗaya, ta rage shi kaɗan, sai mutum ya rantse mai kifi yana bayansa. Abin da nake aunawa shi ne, in na tara matar da hayaniyar a wuri ɗaya kalma nawa mutum zai kama, in na raba su kuma nawa zai kama. Yawancin waɗanda na gwada a asibitin nan, da na raba sai fuskarsu ta saki, su ce "yauwa, yanzu na ji ta." Ke ba a raba miki. Kullum a tare kike jin su. Don haka abin da kike yi shekara bakwai, ki ci jarrabawa a ajin da ya fi mutum saba'in, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba raini ba ne.

Kin tambaye ni ko ana mayar da kunne. Ba zan yi miki daɗin baki ba. Injina ba ya gyara, aunawa kawai yake. Irin wanda hangum ya taɓa ba kasafai yake dawowa ba, amma sai likitan kunne ya duba a Kano kafin a yanke. Kafin nan, ki riƙa ba hayaniya kunnen hagu, ki ba mutum na dama. A aji ki koma layin hagu, malami ya zama a damanki. Kuma ki riƙa kallon bakin mai magana, ido yana taya kunne fiye da yadda kike zato.

Zuwa Kano kuwa sai da Kawu. Na daɗe ina magana da shi a kan kunne, kuma na ga mutum ne da abin nan yake damunsa fiye da yadda yake nunawa. Ya kamata ya ji daga bakinki.

Jarumar da take cewa "zagayo ta nan ɓangaren" kuma, ke za ki rubuta ta. Ni zan fara saya.

Yayarki,
Raliya

*

Gwarzo, Lahadi 28 ga Afrilu, 2024

Yaya Raliya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da Gwaggo. Mu ma lafiya.

Na karanta takardarki sau shida. Wurin da kika ce ba raini ba ne na yi kuka, na ji daɗi. Amma Yaya, "na daɗe ina magana da shi a kan kunne"? Kin ce kin sani tun ranar Sallah. Wato kin gaya masa ke nan tun kafin in ba ki amana, ko bayan na ba ki?

Jiya na kai masa ruwan alwala, sai na ji yana kallona. Baba bai taɓa kallona haka ba. Na kusa sakin butar. In ya sani kuma ya yi shiru, to ya fi mini ciwo a kan bai sani ba. Ke nan ya san ba na ji, kuma duk da haka yake cewa na raina shi.

Ke ba 'yar fari ba ce, ba ki san yadda abin yake ba. Ke kina zama kusa da shi ki ce Kawu kaza, Kawu kaza, yana dariya. Ni ko sunana ban taɓa ji a bakinsa ba, kike cewa ya ji daga bakina. Da wane bakin?

Na koma layin hagu a aji. Ya yi amfani. Na gode da wannan.

Kar ki ƙara gaya wa kowa, in akwai wanda ya rage.

Badi'a

*

Gwarzo, Lahadi 19 ga Mayu, 2024

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwana, ya aiki, ya Gwaggo, ya kajinta? An yi ruwan farko a wajenku? Mu an yi ran Alhamis, ƙamshin ƙasa har cikin aji.

Sati uku ke nan. Iya Asta ta yi fashin kasuwa biyu, ta ce kuɗin mota ya fi ƙarfin daddawa. Yau ta zo, na tsaya a gabanta kamar mai jiran sakamako, ta ce "ba saƙo, 'yar nan." Na san na yi miki rashin kunya. Na rubuta waccan takardar da zafi, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ki yi haƙuri. In fushi kike ki rubuto ki zage ni, ya fi mini shirun.

Abu ya faru. Ran Juma'a Baba ya dawo daga masallaci da baƙo, wani Alhaji da suke sayen dizal tare. Ina tsakar gida ina tankaɗe, bayana yana wajen zaure, injin maƙwabta yana yi. Wai Baba ya ce "ke, kawo tabarma" har sau huɗu a gaban baƙon. Ni ina can ina tunanin wata jaruma da aka bari a tashar mota, ba zan ɓoye miki ba, amma ko ba na tunanin komai ba zan ji ba. Sai da Sadiya ta fito daga ɗaki da gudu ta kai.

Da yamma ya tara littattafan ya ɗaure da igiyar buhu ya rataye a zaure, saman injin, inda gari yake sauka a kansu. Bai ƙona ba. Ya ce wa Inna, na ji wannan don a damana yake tsaye, in aka yi Babbar Sallah ba zan koma makaranta ba. Ya ce yana shan wahalar dizal yana biya wa yarinya boko, bokon ya koya mata ta fi ƙarfin gaishe da ubanta. Ya ce Islamiyya ta ishe ni, ko can za a koya mini ladabi.

Saura shekara ɗaya in gama sakandare, Yaya.

Inna kuwa da ta zuba tuwo ta sa mini man shanu fiye da na kowa, ta juya baya.

Na yi ta gwada faɗa masa. Ina durƙusawa in buɗe baki, sai ina kwana kawai ta fito, ita ma ba amsa. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarki mai laifi,
Badi'a

*

Durun, Juma'a 24 ga Mayu, 2024

Badi'a, sarkin kuka,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, an yi ruwa, Gwaggo har ta sa an shuka mata kuɓewa a bayan ɗaki. Tana gaishe ki, ta ce me kuke ƙullawa ne da takardu kamar masu neman kujera.

Ba fushi nake ba. Malamina ya kira ni Kano in kai masa abin da na tara, na ce kwana huɗu, ya haura sati uku, don ba kullum ake samun kuɗin mota ba yanzu. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu Gwaggo ta adana mini a ƙarƙashin jeren kwanukanta. Ta biyun na fara buɗewa, na ga ana ba ni haƙuri ban san laifin ba. Sai na buɗe ta farkon na karɓi zagina.

Ki saurara da na daman. Ban gaya wa Kawu maganarki ba. Ban gaya wa kowa ba, ko Gwaggo. Laifina ne da na rubuta layin nan a dunƙule. Maganar da muka yi da shi ba taki ba ce. Ta wane ce, me aka ce, wannan ma amana ce, kuma yadda ban ba shi taki ba haka ba zan ba ki waccan ba. Kar ki tambaye ni. Ina ɗauke da tulu biyu a kai, kuma wuyana ya gaji.

Maganar makaranta ta tayar mini da hankali. Zan iya zuwa in roƙe shi, zai ji kunyata ya ce to, amma zai ci gaba da ganin kin raina shi, ke kuma ki ci gaba da ganin ya ƙi ki. Ba na son wannan to ɗin.

Ga aikin gida na ba ki, irin wanda nake ba ɗalibai. Ni a kwamfuta nake matsar da murya in ga abin da zai canja. Ke ki yi a tsakar gidanku. Kwana uku ki lura: wa ake amsa wa a gidan nan, daga ina yake tsaye in yana magana, da wace irin murya, inji yana yi ko ba ya yi. Kar ki yi tunanin jarumar tashar mota, tana nan ba inda za ta. Ki kalla kawai. Ke kin fi kowa iya kallo, shekara bakwai kina yi.

Na sako miki takardarki ta farko a ciki. Na karanta ta har na kusa haddacewa, kuma na ga ba ni ce mai ita ba. Ki ajiye, ko ki ƙona, ko ki yi abin da kika ga dama.

Ranar da za a je Kano ni zan raka ku, in sha Allahu.

Yayarki da ba ta fushi,
Raliya

*

Gwarzo, Asabar 1 ga Yuni, 2024

Yaya Raliya,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya gajiyar Kano, ya Gwaggo da kuɓewarta? Ki ce mata kujerar da muke nema ta aji ce. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Ki yafe mini zargin da na yi miki. Na ji kunya har na rasa inda zan sa fuskata, na sa ta a filo.

Na yi aikin gidan. Ban tambaye ki komai ba, kuma ba sai kin ce e ko a'a ba.

Ranar farko na lura Sadiya ba ta durƙusawa a bakin ƙofa. Faɗawa take har gabansa ta ce "BABA INA KWANA" kamar mai tallan gyaɗa, ya ce "lafiya lau uwata." Inna kuma in za ta yi masa magana sai ta zagayo gabansa ta ajiye wani abu, kofi ko goro, ya ɗago, sannan ta faɗa. Ban san ko ta san tana yi ba. Ni kaɗai ce nake gaishe shi daga baya. Yana zaune a buzunsa yana fuskantar gabas, rediyo a kusa da gwiwarsa an ƙure ta, ni ina bakin ƙofa, kai a ƙasa, murya a ƙasa, yadda aka koya mini tun ina ƙarama. Shi kuma ba zai waiwayo ya dubi 'yar fari ba.

Rana ta biyu na leƙa zaure ta tagar. Mata da yara sun yi layi da kwanukan masara, inji yana yi. Na ga Baba ba ya kallon kwano in ana masa bayani, baki yake kallo. Wata tsohuwa mai lulluɓi ta yi magana a bayan mayafi, ya ce "gari ko tsaki?" ta sake faɗa, ya sake tambaya, sai ya yi dariya ya ce injin ne. Yaya, na san dariyar nan. Irinta na yi miki a Durun.

Rana ta uku na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Da safe, ba a tayar da inji ba, rediyo ce kawai. Na durƙusa a inda na saba. Maimakon ina kwana, da muryar da na saba, na ce, "Baba, ni ce Badi'a. Ina son ka fiye da duk mutanen cikin littattafan nan."

Na runtse ido ina jiran duniya ta tashi.

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Na koma ɗaki na rasa dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun. Shekara ashirin yana tsaye a kan injin nan don mu ci. Ni ina cewa ya ƙi amsa mini, shi yana cewa na ƙi gaishe shi, kuma tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Sai na tuna kallon da ya yi mini ranar butar alwala. Ina jin bakina yake dubawa, ko zai ga ina cewa wani abu. Ya karya kunyarsa ya kalle ni, ni kuma na sunkuyar da kai don ladabi.

Na ce to gobe zan shiga gabansa in ɗaga murya irin ta Sadiya. Na gwada a bayan gida, akuya ta kalle ni. Ba zan iya ba, Yaya. Muryata ba ta da wannan girman, kuma in na fara bayani na san a tsakiya za ta maƙale. In ya ce "me kika ce?" zan ce ba komai. Shi ma in ya amsa yana kallon gefe, ta hagu za ta bi ta wuce. Mu biyun nan in aka bar mu da baki, har Babbar Sallah ba za mu gama gaisawa ba.

Amma yana karatun boko. A hankali yake yi, da yatsa, yana motsa leɓe, kamar yadda yake karanta takardar injin. A takarda ba hayaniya, kowa a layinsa.

Na ɗauko takardata ta farko da kika dawo mini da ita. Na so in sake rubuta ta, in cire wurin jarumi da raɗa, in cire inda na ce shi ne ba ya amsawa. Har na fara, sai na ga sabuwar ta zama irin wadda ake rubuta wa shugaban makaranta. Na yaga. Waccan zan ba shi yadda take, da ninkinta takwas da ɗigon man daddawar Iya Asta. Ban rubuta komai a kan kunnensa ba. Wannan nasa ne, in ya ga dama ya faɗa, in bai ga dama ba na iya zagayowa gabansa in ajiye kofi.

Ina tsoro. Zai iya cewa wannan ma a littafi na koya. Zai iya jin nauyin 'yar fari ta miƙa masa takarda hannu da hannu, ya ƙi karɓa. Na yi tunanin in ba Sadiya ta kai, ko in sa a aljihun rigarsa ta Juma'a. A'a. Ta gaba zan shiga, in durƙusa inda zai gan ni, shi a damana, in ɗago kai ko sau ɗaya ne.

A ƙasan takardar, inda ya rage fili, na ƙara layi biyu da manyan baƙaƙe don kar ya sha wahala:

BABA INA KWANA.
KULLUM INA FAƊA.

Iya Asta tana tsakar gida tana shan ruwa, ta ce in yi sauri mota ba ta jiran daddawa. Zan ninke wannan in ba ta. Ɗayar tana cikin hijabina, tun ɗazu nake taɓa ta.

An kira azahar. Ga shi ya kashe injin, gidan ya yi tsit, har ina jin tattabarun maƙwabta. Zai shigo alwala yanzu. Ki yi mini addu'a, Yaya, na tashi.

Ƙanwarki,
Badi'a